Rana a Gidan Inuwa

Litinin, 12 ga Afrilu, 1976, da hantsi

Alhamdu lillahi, ta yi barci. Jiya ta karɓi nono sosai, kukan ma ya ragu. Rabi'atu maƙwabciyata ta ce ƙunar da ke ƙafarta ta fara tsotsewa. Ni dai ban gani ba, in za a kwance ƙyallen, bango nake kallo.

Rabona da fensir tun da na gama firamare a gidan Kawu. Amma zama ya yi yawa, ɗinkin hula ya fita daga raina, kuma akwai maganar da ba ta faɗuwa ga kowa. 'Yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai. Ni ma 'yar fari ce. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga rugarmu ta Sule Tankarkar aka kawo wa Kawu nan Gumel, kuma har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. To, ko a nan ba zan rubuta nata ba. "Yarinyar" ya isa.

Abin ranar Juma'a kuwa: na yunƙura zan tashi daga bakin murhu, tana bayana, tukunyar kunu tana kan wuta, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, bayan La'asar

Goggo Sabuwa ta iso daga Gagarawa. Ƙanwar baban Maigida ce, ita ta raine shi, nata 'ya'yan babu wanda ya tsaya. Ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki yarinyar, ta kwance ƙyallen, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

"Hasanatu, tashi ki ba ni ruwa," in ji ta.

Na san ba ƙishirwa take ji ba. Na juya na durƙusa, na dafa ƙasa, na dafa gwiwa, na dafa cinya, na kama ƙafar gado. Kafin in miƙe gumi ya jiƙa ni sharkaf.

"Koma ki zauna, na sha."

Da Maigida ya dawo daga aiki ta kira shi a gabana. "Haladu, ba ƙwace na zo yi ba. Amma macen da ba ta iya tashi da goyo ba a bar mata goyo. Yanzu ga ciwo a ƙafar 'ya, ga zafi, ba lokacin yaye ba ne. In ruwa ya sauka aka yi shuka zan dawo in tafi da ita. Dama 'yar fari ta kakanni ce." Sai ta juyo gare ni. "Ko kina da magana?"

"A'a Goggo, ai 'yarki ce."

Da bakina na faɗa, har da murmushi.

Laraba, da asuba

Ai 'yarki ce.

Alhamis, da rana

Maigida ya tafi kasuwar Maigatari sayen ƙusa da katako. Gidan shiru.

Ciwon nan ba jiya ya fara ba. Tun ina da cikinta ƙuguna da bayana suke ciwo, aka ce nauyi ne. Bayan wankan jego na ga taɓarya ta yi mini nauyi, sannan dokin ƙofa ya zama dutse, sannan salla ta koma ta zaune. Tafiyata kuwa, Rabi'atu ta ce in da agwagwa za ta gan ni sai ta gaishe ni da 'yar uwa. Ita kaɗai take faɗar haka in yi dariya.

Kowa ya ce sanyi ne ya shige ni. An gasa ni, an ba ni kunun kanwa har ya gundure ni, an lulluɓe ni da bargo a cikin wannan bazara. Wasu sun ce iska ce, kada a bari in leƙa ko zaure, balle da tsakar rana. Duk wanda ya kawo nasa na karɓa na gode, don babu wanda ya kawo da mugunta.

Abu ɗaya da ban rasa ba shi ne inuwa. Shekarar da aka kawo ni amarya na taɓa cewa zafin tsakar gidan nan zai kashe ni wajen daka. Wasa nake. Shi kuwa kafinta ne, ba ya jin wasa, awo yake ji. Duk ginin da ya rufa, in kwano ya ragu sai ya saya ya kawo gida. Falle bayan falle, har ya rufe tsakar gidan kaf, daga ƙofar ɗakina zuwa madafa zuwa bakin zaure. Duk Gumel babu irinsa. Matan unguwa suna zuwa kallo, suna cewa, "Hasanatu, ke kam kin huta, ga kulle ga inuwa." Masu son rufi ma nan yake kawo su su ga aikinsa, in shige ɗaki. Har yara suka sa mana suna Gidan Inuwa. Mutumin da in ya ce "to" sau biyu a rana ya yi surutu, da guduma ya gaya mini abin da ke ransa, kuma na ji.

Asabar, bayan Magariba

Ƙafar ta yi ruwa. Jikinta da zafi. Ya Allah.

Litinin, 19 ga Afrilu, da yamma

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. An wanke, an sa magani, an yi mata allura, zazzaɓin ya sauka.

Dole aka tafi da ni asibiti tunda ni ce nono. A motar wani abokin Maigida muka je, Maigidan ne ya ɗauke ni cak ya sa a gaba, kunya kamar in nutse. Na manta yadda gari yake da haske, hawaye ya yi ta zuba ba na kuka ba.

Sistar da ta wanke ciwon babbar mace ce, daga jin hausarta mutuniyar Zariya ce. Da ta gama ta ce mu tashi. Na fara sana'ata ta dafa nan dafa can, sai ta ce, "Tsaya. Koma ki zauna. Sake tashi in gani." Na ce a raina yau ga Goggo ta biyu. Ta sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Ta kira likita, ya danna ƙaurina da haƙarƙarina, na yi ƙara ban shirya ba. Suka yi turancinsu.

Sannan ta zauna kusa da ni ta ce, "Yaushe rabon da rana ta taɓa jikinki?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Da na tsaya na duba, sai na ga ban da 'yar fitar dare zuwa barka ko gaisuwar mutuwa, rabona da waje tun kafin a gama rufin, shekaru ke nan.

Ga abin da ta ce, yadda na riƙe. Wai akwai wani abu da ake kira bitamin D. Fatar mutum ce take haɗa shi in rana ta sauka a kanta, ana kuma samun kaɗan a ƙwai da kifi da man shanu. In babu shi, abincin ƙashi ba ya zama a jiki, ƙashi ya yi laushi, tsokar cinya da ta ƙugu da ta kafaɗa su saki. Shi ya sa tashi ya fi komai wuya. Ciki ya ɗiba, shayarwa ta kwashe sauran. Ta ce yarinyar ma da alama ta taɓu, shi ya sa har yanzu ba ta kama tsayuwa ba.

"Ba shan inna ba ne?" na tambaya. Tun bara nake ɗauke da wannan tambayar ban faɗa ba.

"Ba shi ba ne. Wannan yana warkewa. Allura yau, man kifi kullum cokali, ke da ita. Da hantsi ki zauna a rana, hannu da ƙafa a buɗe. Ba sai kin fita ba, tsakar gidanku ma ta isa."

Maigida yana tsaye. Shi ne ya ce, "Tsakar gidan a rufe take." Ta tambaya da me, ya gaya mata. Ta ce, "Ayya."

Har muka iso gida bai ce ko "to" ɗin ba.

Talata, da hantsi

Man kifi! Wanda ya fara gano a sha wannan abu Allah Ya yafe masa. Yarinyar ta tofa mini nata a fuska, na ce kin yi daidai, na sake ɗura mata.

Alhamis, bayan Azahar

Bai yi maganar rufin ba, ni ma ban yi ba. Da wane baki? Mutum ya yi shekaru yana tara miki inuwa, ki ce masa inuwarsa ce ta kwantar da ke? Jiya na ga ya tsaya a tsakar gida yana kallon sama, ya daɗe, sannan ya ɗauki jakar aikinsa ya fita. Tuwonsa ma bai cinye ba.

Amma na sami dabara. Wuri ɗaya ne a gidan nan babu rufi: makewayi. Da hantsi rana tana sauka a jikin katangarsa ta yamma. In ya fita, Rabi'atu takan shigo ta kai mini kujera 'yar tsugune can, ta rirriƙe ni har in isa, ta ɗora mini yarinyar a cinya. Mu zauna mu uku da ƙudaje.

"Sarauniyar Gidan Inuwa, ga fadarki," in ji ta, tana toshe hanci.

Na ce ta yi ta yi, ranarta na zuwa. Wallahi da rana ta sauka a ƙaurina sai da tsigar jikina ta tashi. Na tuna ina ƙarama in Kawu ya kai ni ruga hutu, mu bi maruƙa tun safe har fatarmu ta yi ƙyalli.

Asabar

Man kifi. Makewayi. Ƙudaje. Alhamdu lillahi.

Litinin, 26 ga Afrilu, bayan La'asar

Ya kama mu. Zarto ya manta ya dawo ɗauka, ya duba ɗaki ba ni, ya duba madafa ba ni. Sai ga shi a ƙofar makewayi. Ni ga ni zaune na naɗe zane zuwa gwiwa, yarinyar tsirara a cinyata tana korar ƙuda. Rabi'atu ta ja mayafi ta sulale, matsoraciya.

"Tun yaushe?" ya ce.

"'Yan kwanaki ne."

"A nan?"

"Ai nan ɗin ma babu laifi, Maigida. Da iska."

Ya dubi ramin, ya dube ni, ya dubi yarinyar. Ya juya ya fita, zarton ma bai ɗauka ba.

Talata, da hantsi

Ƙarar guduma ce ta tashe ni daga barcin bayan asuba. Na ja jiki zuwa ƙofar ɗaki. Yana saman tsani, ƙusa cike da bakinsa, yana zare su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a aljihu, don shi ko a ranar tashin hankali ba ya yar da ƙusa. Ya ɗaga fallen farko, haske ya faɗo tsakar gidan, har ƙurar shekaru ta tashi tana yawo a ciki. Ya cire na biyu, ya cire na uku, bai tsaya ba sai da ya buɗe tsakiyar duka. Ya bar rumfa ta gefen madafa da ƙofar ɗakina.

Ya sauko ya shimfiɗa tabarma a inda ranar take, ya zo ya ɗauke ni ya ajiye a kai, ya kawo yarinyar.

Na ce, "Ka ɓata aikinka."

Ya ce, "Awon ne ba daidai ba."

Yanzu haka a cikin ranar nake rubutu, takardar tana kashe mini ido. Na yi kuka kaɗan, na ce hasken ne. Allah Ya saka wa mutumin nan da Aljanna.

Juma'a, da yamma

Rabi'atu ta kawo labarin unguwa. Wai Haladu kafinta ya karye, har ya fara cin rufin gidansa. Wasu sun ce ƙusarsa ce ba ta riƙe, rufin ya fara zubowa shi ya sa ya sauke. Wani mai shago da ya yi masa alkawarin aiki ya ba wa wani. Na ji zafin wannan har cikin raina. Na ce ya gaya musu gaskiya mana. Ya ce shi ba zai kai ciwon iyalinsa bakin kasuwa ba.

Litinin, 10 ga Mayu, da hantsi

Bappa Manu ya zo daga ruga, ƙanen Baffana. Tun farin da aka yi shekarun baya shanunsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma yanzu bazara ce, nonon sai a hankali. Amma ga shi da ƙwaryar kindirmo, da man shanu a 'yar kwalba, da ƙwai a cikin hularsa ya riƙo kamar jariri. Na san daga bakin jikokinsa ya ɗauko.

Ya tarar da ni a rana, ya ce lafiya? Na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe mu da take gasa mu tun safe magani muke sha ba mu sani ba! Da na sani da na cika salka na kawo birni na sayar."

Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Na ji zancen Gagarawa." Na ce haka ne, Bappa, ai ta kyauta. Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa saniyar da ta ƙi cin ciyawa. Ya ce, "Innarki ma haka ta ce ranar da aka tafi da ke. Sannan ta yi sati ba ta tatsa ba." Ban taɓa jin wannan ba sai yau.

Laraba

Ba ta tatsa ba.

Asabar, bayan Azahar

Na daka barkono da kaina. Barkono ne kawai, a ƙaramin turmi, a zaune. Amma na daka.

Talata, 18 ga Mayu, da La'asar

Yau babu daɗi. Ƙuguna kamar ana sara, na kasa ko juyawa. Rabi'atu ta zo da wasanta na agwagwa, na ce mata in ba ta da aikin yi ta je ta nema. Ta ajiye tuwon da ta kawo ta fita. Matar da take ɗebo mini ruwa, take wanke ciwon da ni uwar na kasa kallo. Kai, Hasanatu, ba ki da kirki.

Kuma hadari ya haɗu a gabas. Bai zubo ba, iska ta watsa shi. Gari duk an fita roƙon ruwa, ina jin muryoyinsu daga nan. Ni 'yar makiyaya ce, na san abin da fari ya yi wa Bappa, na ga mutanen arewa da suka sauko babu ko akuya. Amma da na ɗaga hannu zan ce amin sai da rabin baki ta fito. Allah Ka yafe mini. Ka ba su ruwa, Ka ba ni ƙafa.

Laraba, da hantsi

Ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Agwagwa ta huce?" Na ce ta huce. Muka yi dariya har yarinyar ta taya mu.

Litinin, 24 ga Mayu, da yamma

Mun koma asibiti. Sista ta ce in tashi daga benci. Na tashi da dafa gwiwa kawai, ban nemi bango ba. Ta tafa hannu, ta ce in ci gaba, kuma in riƙa motsa ƙafafun, tsoka ba ta son zaman banza. Ƙafar yarinyar ta warke, sai tabo daga idon sawu zuwa ƙauri. Yau na kalla. Na shafa da hannuna, santsi gare shi.

Alhamis

Azahar a tsaye, raka'a biyu na farko. Sauran a zaune. Na daɗe a sujada don godiya, da kuma don tashin da ke jirana.

Lahadi, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Rabi'atu ta kawo shawara. Ta ce Goggo ba tafiya ta ce ba, tashi da goyo ta ce. Sai muka ƙulla gero a tsohon zane, kimanin nauyin yarinyar, ta ɗaura mini a baya da majanyi. In durƙusa, in tashi. In durƙusa, in tashi. Na faɗi sau da yawa, geron bai yi kuka ba. Ta sa masa suna Ɗangero, tana yi masa tawai. Maigida ya shigo ya tarar da mu, ya tsaya, ya fita. Da yamma na ga ya kafa wani katako a tsakar gida daidai ƙuguna, ya goge shi sumul don kada sartse ya shige ni.

Yarinyar kanta ban goya ta ba tun ranar kunun nan. In ta rarrafo ta kama bayana tana bubbugawa sai in ba ta ludayi ta yi wasa.

Alhamis, da hantsi

Ta kama katakon ta miƙe! Ta tsaya tana rawar ƙafa tana kallona, bakin nan a buɗe. Babu kowa a gidan. Na yi mata abin da ba a yi wa 'yar fari, kuma ba zan rubuta ba.

Talata, 15 ga Yuni

Ruwa ya sauka, mai yawa. Ya zubo ta tsakiyar gidan, ƙasar da ta yi shekaru ba ta jiƙa ba ta tashi da ƙamshi. Gari ya ɗauki guɗa. Na ce amin da dukan bakina, sannan na shiga ɗaki na zauna.

Alhamis

Kowa yana gona. Ɗangero ya tafi shi ma, Rabi'atu ta ce iri ya ƙare musu.

Asabar, bayan Azahar

Tunda babu Ɗangero, babu sauran dabara. Rabi'atu ta ɗora mini ita, ta tsaya a bayana hannu a buɗe. Da na ji ɗumin cikinta a bayana sai na ji ƙamshin kunu, alhali babu wuta a murhu. Na ce a sauke ta. Rabi'atu ta ce, "Wallahi ba zan sauke ba. Tashi." Yarinyar ta sa hannu ta kama kitsona. Na tashi.

Litinin, 21 ga Yuni

Saƙon Goggo ya zo ta bakin wani direba. Ranar Juma'a.

Laraba

Na wanke kayan yarinyar na ninke. Na sa ludayin a ciki. Maigida ya ga ƙullin, ya ce ko ya yi wa Goggo magana? Na ce wace magana, matar da ta goya ka? Ya ce to.

Juma'a, 25 ga Yuni, bayan Magariba

Da hantsi Goggo ta iso. Ta tsaya a bakin zaure tana kallon ramin da ke sama, ta ce, "Ikon Allah, ashe gaskiya ne." Maigida ya shimfiɗa mata tabarma a rumfa. A hannunta akwai sabon zanen goyo, saƙi, da majanyinsa, ta ajiye a gefenta. Da gani ta daɗe tana tanadinsa.

Ni ina zaune a bakin madafa, yarinyar a bayana, na gama dama fura. Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, cike take har baki. Babu hannun dafa ƙasa, babu na dafa gwiwa. Na yi bisimilla na tashi. Cinyoyina suna rawa, furar tana rawa, amma ba ta zube ba. Na taka har gabanta, na durƙusa har ƙasa, na ajiye.

"Sannu da hanya, Goggo."

Ta dubi ƙwaryar. "Babu ludayi?"

Ga ludayi a kan faifai a gabanta. Na ce bari in kawo. Na tashi, na je, na kawo wani, na durƙusa.

Ta kurɓa. "Ba ki sa sukari ba."

Goggo da ba ta shan sukari tun da haƙorinta ya fara ciwo. Na tashi, na kawo, na durƙusa. Gumi yana bin bayana, yarinyar tana ta ja mini ɗankwali.

"Ta yi kauri. Ƙaro ruwa."

Wannan karon ƙafar hagu ta so ta ba ni kunya. Na ji ta saki a rabin hanya. Maigida ya yunƙuro daga inda yake, Goggo ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba. Na cije, na tuna Ɗangero, na miƙe. Na kawo ruwan na durƙusa.

Ta sha furarta a hankali har ta ƙoshi. Ta ce a kwanto mata yarinyar. Ta ɗora ta a cinya, ta duba tabon, ta shinshina kanta, ta daɗe a haka. Na ga idonta ya kawo ruwa, na kau da kai don kada ta san na gani. Sannan ta ce da Maigida, "Hanyar Gagarawa ta yi caɓi. Ba zan ɗauki yarinya cikin wannan laka ba." Shi da ni mun ga takalminta, ko ɗigon laka babu.

Ta jawo zanen saƙin ta miƙo mini. "Wancan naki ya tsufa. Juyo." Da hannunta ta ɗora mini ita, ta ɗaure majanyin tamau, ta ɗan bubbuga. "Ajiya na ba ki. Ki riƙe mini da kyau, zan riƙa zuwa dubawa."

"To, Goggo. Allah Ya ƙara girma."

Ta ƙi kwana, wai shukarta tana jira. Maigida ya raka ta tasha, ya ce in an yi kaka zai je ya gyara mata rufin ɗakinta. Ta ce ya bar mata tsakar gida yadda ya gan ta.

Asabar, da hantsi

Na kwance ƙullin na mayar da kayan cikin kwalla. An yi yayyafi da asuba, yanzu rana ta fito, muna zaune a cikinta. Man kifin yana nan da ɗacin ransa, mun sha.

A gaban mutane zan ci gaba da kau da kai, haka na tarar ana yi. Amma tana da rabon makaranta in Allah Ya so, wata rana za ta iya karatu.

Sunanta Asama'u.